Nasiha Ga Matasa Masu Haɗa Ƙwayoyin Maganaɗisu Masu Ƙyalli

'Ya'yana ɗaliban kemistiri da fiziks,

Na lura da yawanku kun zaɓi haɗa ƙananan ƙwayoyin ferait a matsayin aikin kammala digiri. Wasu ma sun ɗora burin sa musu haske, su zama abu guda wanda maganaɗisu ke ja, kuma yake ƙyalli idan aka haska shi. Na ji daɗin wannan, domin fage ne mai albarka. Sai dai farkonsa yana da sauƙi har ya kan ruɗi mutum. Cikin rabin awa ruwan da ke kwalba zai koma baƙi wuluk, ka kanga masa maganaɗisu ka ga baƙin ya taho gefe guda, zuciya ta ce maka aiki ya kammala. A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, alhali nan ne mafarin aikin. Nasihata gaba ɗaya a kan abu guda take: kada bakinku ya riga awonku.

Ku fara da sanin abin da kuke riƙe da shi. Ferait haɗin ƙarfe ne da oksijin, wani lokaci tare da wani ƙarfen kamar kobalt, nikel, tutiya ko manganis. Baƙin zoben nan da yara ke cirowa daga bayan tsohuwar sifikar rediyo suna ja cikin yashi, ferait ne, kuma baƙin garin da ke maƙale masa galibi magnetait ne, wato Fe3O4, kakan dukkan dangin. A shekarar 1930 ne Yogoro Kato da Takeshi Takei suka haɗa ferait na zamani a Cibiyar Fasaha ta Tokyo a Japan, kuma don sayar da shi aka kafa kamfanin TDK a 1935. A ƙasar Holand, masanan kamfanin Philips irin su Snoek suka ci gaba da kyautata shi. Amma sai a 1948 Bafaranshe Louis Néel ya bayyana dalilin da ya sa yake da maganaɗisu, aikin da yake cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1970.

Bayanin Néel ya cancanci ku zauna ku fahimce shi, domin shi ne ke faɗa muku dalilin kowane awo da za ku yi. A cikin ginin magnetait, zarrar ƙarfe tana da mazauni iri biyu: wani mazaunin oksijin huɗu ne ke kewaye da shi, wani kuma shida. Maganaɗisun mazauna na farko yana fuskantar gefe ɗaya, na biyun yana fuskantar kishiyarsa. Ƙarfe mai caji uku ya rabu daidai tsakanin mazaunan biyu, don haka ƙarfinsa ya kashe juna. Abin da ya rage a fili shi ne na ƙarfe mai caji biyu. Wanda ya gane wannan ba zai yi sakaci da ƙa'idar ɗaya bisa biyu ba, wato kashi ɗaya na ƙarfe mai caji biyu, kashi biyu na mai caji uku.

Hanyar da akasarinku za ku bi ita ce wadda René Massart ya wallafa a 1981. Ana narkar da gishirin ƙarfe iri biyu a ruwa, a zuba amoniya ko ruwan soda mai ƙarfi har ma'aunin pH ya haura 9, sai magnetait ya sauko. Lissafin da yawan zarra ake yin sa. Wanda ya ɗauki giram ɗaya na wannan da giram biyu na wancan ya riga ya kauce. Idan kuka auna giram 5.41 na kuloraid ɗin ƙarfe mai caji uku, irin mai ɗauke da ruwa shida, da giram 1.99 na mai caji biyu, irin mai ruwa huɗu, to abin da lissafi ya ce ku samu shi ne kimanin giram 2.3 na magnetait. Ku riƙe wannan adadi, ku gwada shi da abin da kuka samu bayan bushewa. Idan naku ya zarce, akwai ruwa ko gishiri a ciki. Idan ya gaza sosai, wani abu ya bi ruwan wanki.

Kafin ku auna, ku dubi gishirin da idonku. Mai caji biyu kore-kore ne mai haske. Idan kuka tarar ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, iska ta riga ta ci shi, ya zama mai caji uku tun yana cikin kwalbarsa. Mai caji uku kuwa yana shan danshin iska, musamman da damina, sai nauyinsa ya haɗa da ruwan da ba ku sani ba. Iskar da muke shaƙa ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki. Shi ya sa ake busa naitirojin cikin ruwan kafin a fara da kuma lokacin haɗawa. Wanda ba shi da tukunyar naitirojin, ya tafasa ruwansa ya kore iskar da ke ciki, ya rufe shi ya huce, ya yi aikinsa ba tare da jinkiri ba, sannan ya rubuta a rahotonsa cewa haka ya yi. Ko bayan an gama, magnetait da aka bari a iska yana juyewa a hankali ya zama maghemait, launinsa ya tashi daga baƙi ya nufi ruwan ƙasa. Shi ma maganaɗisu na jansa, amma wani abu ne daban, kuma dole a kira shi da sunansa.

Girman ƙwaya ya danganta da hannun mai zubawa. Tun 1950 LaMer ya nuna cewa idan ana son ƙwayoyi su zo kai ɗaya, sai dukkansu sun tsiro a lokaci guda, sannan su yi girma tare. Idan wasu na tsirowa yayin da wasu suka riga suka yi nisa, za a samu manya da ƙanana a cakuɗe. Saboda haka saurin zuba amoniya, da ƙarfin juyawa, da zafin ruwa, da tsawon lokacin da aka bar shi a wuta, kowanne yana da hannu a sakamakon. Wanda ya canja biyu daga cikinsu a gwaji ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ya yi tasiri ba. Ku riƙa canja ɗaya, ku bar saura yadda suke.

Me ya sa ake wannan wahala a kan girma? Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin gashin kai ya kai dubun dubatarsa. Idan ƙwayar magnetait ta yi ƙasa da kimanin nanomita 20, ɗabi'arta tana canjawa. Zafin ɗaki kaɗai ya isa ya riƙa juya fuskar maganaɗisunta ba tsayawa. Ka kawo maganaɗisu, ta amsa da ƙarfi. Ka janye shi, ta saki, ba ta riƙe komai. Wannan hali ne ya sa likitoci ke sonta, domin ƙwayar da ta ci gaba da riƙe maganaɗisu a cikin jini za ta manne da 'yan'uwanta ta toshe hanya. Sannan ƙanƙantar tana ba da fili: giram ɗaya na ƙwayoyi masu nanomita 10 yana da fatar da ta haura murabba'in mita 100. A kan wannan fata ake ɗaura magani, a kanta guba ke maƙalewa. Amma yawan fatar ne kuma ke sa ƙwayoyin son dunƙulewa, don haka ake musu riga tun da wuri: sitirik asid idan a ruwa za su zauna, oleyik asid idan a mai. Da irin wannan rigar Steve Papell na hukumar NASA ya samar da ruwa mai bin maganaɗisu a 1963.

Akwai hanyar da ta fi ta Massart fitar da ƙwayoyi kai ɗaya, wato dafa sinadarin ƙarfe a cikin mai mai jure zafi. A 2004 ƙungiyar Taeghwan Hyeon a Koriya ta Kudu ta samu giram 40 a tukunya ɗaya, a zafin digiri 320. Hanya ce mai kyau, amma tana son kayan aiki, kuma ƙwayoyin da take bayarwa ba sa shiga ruwa sai an canja musu riga. Babu abin kunya ga wanda ya tsaya kan hanya mai sauƙi ya ƙware a kanta. Haka kuma kada ku ɗauka dukkan ferait hali ɗaya gare su. Na kobalt mai taurin kai ne, yana riƙe maganaɗisu, kuma ya fi son zafi kafin gininsa ya daidaita. Na tutiya kuwa, idan babba ne kusan ba ya amsa maganaɗisu a zafin ɗaki, amma idan ya ƙanƙance yana iya amsawa, saboda zarrar ta sauya mazauni. Ku san wanda kuka zaɓa da dalilin zaɓensa.

Yanzu ga batun haske. Ƙyallin da ake nufi a nan shi ne abu ya sha haske mai ƙarfi ya mayar da wani mai rauni kaɗan, mai launi daban. John Herschel ya ga haka a ruwan kwinin a 1845, George Stokes ya bayyana shi a 1852. Rinin fuluresin da Adolf von Baeyer ya haɗa a 1871 yana shan shuɗi ya ba da kore shar, har yau da shi ake aiki. Matsalarsa ita ce yana dusashewa idan ya daɗe ƙarƙashin fitila, kuma tsamin ruwa yana rage masa haske. Sai ɗigon kwantam, waɗanda launinsu ke bin girmansu, ƙanana su karkata ga shuɗi, manya ga ja. Aikin Ekimov da Brus da Bawendi a kansu ne ya ci kyautar Nobel ta kemistiri a 2023. Suna da juriya, amma fitattun cikinsu da kadmiyam ake yin su, shi kuwa guba ne mai lalata ƙoda. Sai ɗigon kabon da aka gano a Amurka a 2004, waɗanda ake iya dafawa daga sitirik asid da yuriya. Akwai kuma yuropiyam mai ba da ja da tabiyam mai ba da kore. Kowanne da ribarsa da farashinsa.

A wurin haɗa biyun ne gwanintar mutum ke fitowa, domin maganaɗisu da haske ba sa jituwa. Ferait baƙi ne, aikinsa shanye haske: yana shan wanda kuka haska, yana shan wanda rinin ya mayar. Ban da wannan, idan rinin ya matso kusa da fatar ƙarfen, ƙarfin da ya kamata ya fito a matsayin haske sai ya zarce cikin ƙarfen kai tsaye ya zama zafi. Theodor Förster ya nuna a 1948 cewa irin wannan miƙa ƙarfi yana aiki ne a ɗan tazara, kimanin nanomita 1 zuwa 10, kuma yana raguwa da sauri ƙwarai da zarar an ja baya. Maganin shi ne a yi musu abin da ake yi wa maƙwabta biyu da ake son zumuncinsu ya ɗore: a gina katanga a tsakani. Katangar ita ce silika, ana gina ta da hanyar da Werner Stöber da abokan aikinsa suka fitar a 1968, cikin etanol da ruwa da amoniya. Idan ta yi siriri, haske ya mutu. Idan ta yi kauri, nauyin silika ya rinjayi na ƙarfe, maganaɗisu ya kasa jan ƙwayar da sauri. Babu littafin da zai ba ku kaurin da ya dace da naku aikin. Sai kun gina kauri daban-daban, kun auna haske da maganaɗisu a kan kowanne, kun zaɓi wanda ya biya buƙatar da kuka sa gaba.

Ga gwaji guda da ba ya cin kuɗi, kuma ina roƙon kowannenku ya yi shi kafin ya kai wa malaminsa labari. Ku sa abin da kuka haɗa a ƙaramar kwalba, ku kashe fitilar ɗaki, ku kunna ta ultrabayolet, ku kanga maganaɗisu a gefe. Idan hasken ya bi ƙwayoyin zuwa jikin maganaɗisu, ruwan ya koma duhu, to haɗin ya kama. Idan baƙin ya tafi gefe amma ruwan ya ci gaba da ƙyalli, rini ne kawai ke yawo a ruwa, ba ku ɗaura komai ba tukuna. Ku zubar da ruwan, ku wanke, ku sake ja, har sai ruwan wanki ya daina haske, sannan ku auna abin da ya rage. Masu aiki da ɗigon kabon su ƙara kula, domin an tabbatar cewa sau da yawa hasken da ake jingina wa ɗigon yana fitowa ne daga ƙananan sinadarai da suka samu lokacin dahuwa. Wanda bai tace ba bai san abin da ke haskawa ba. Idan kuma za ku faɗi ƙarfin haskenku, ku gwada shi da abin da aka san nasa, kamar kwinin salfet, wanda ke mayar da kusan kashi 54 cikin 100 na hasken da ya sha.

Kowace na'ura tana da iyakar abin da take iya shaida, kada ku sa mata magana a baki. Na'urar hasken eksire za ta gaya muku ginin na dangin ferait ne, kuma da lissafin Scherrer na 1918 za ku ƙiyasta girma, amma da ƙyar take bambanta magnetait da maghemait, domin layukansu sun kusa zama ɗaya. Wannan sai na'urar Raman ko ta Mössbauer. Madubin ilektiron yana nuna ƙwayar a bushe, amma hoto ɗaya mai kyau ba hujja ba ne, sai an ƙirga ƙwayoyi ɗaruruwa daga wurare daban-daban. Na'urar da ke auna girma cikin ruwa kuwa kullum adadinta ya fi girma, saboda tana haɗawa da riga da ruwan da ke kewaye da duk wani dunƙule. Ƙarfin maganaɗisun babban magnetait yana kai kimanin emu 92 a kowane giram, ƙanana kuma suna ƙasa da haka, domin zarrar da ke fata ba ta daidaita sahu. Wanda ya samu adadin da ya haura wannan a ƙwaya mai rigar silika, ya koma ya duba awonsa. Na san da yawanku sai kun aika samfuri wata jami'a ko wata ƙasa, ku jira watanni. Ku rubuta ranar da kuka haɗa da ranar da aka auna, domin samfurin ba ya tsayawa yadda yake a tsakani.

Wata kalma ga masu amfani da ruwan ganye, irin su dogon yaro da zogale. Niyyar mai kyau ce, rage guba da rage kuɗi. Amma majema da dukawa sun daɗe da sanin cewa ƙarfe idan ya gamu da ruwan bagaruwa, baƙi yake bayarwa. Wannan baƙin haɗuwar ƙarfe ce da sinadarin tanin, babu ginin magnetait a cikinsa. Ganyaye da yawa suna ɗauke da irin wannan sinadari. Don haka baƙin launi kaɗai ba shaida ba ce. Ku kanga maganaɗisu, ku nemi layukan eksire. Ku kuma rubuta inda kuka tsinko ganyen, da watan da kuka tsinko, da yadda kuka busar, domin ganyen rani da na damina ba ɗaya suke ba.

Lafiyarku amana ce a hannunku. Tururin amoniya yana ƙona ido da huhu, a buɗe ta ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi. Busasshen garin ƙwayoyin nan yana tashi ya shiga can cikin huhu, gara a ajiye su cikin ruwa, in kuwa dole a busar, a sa takunkumi. Kada a kalli fitilar ultrabayolet ba tabarau. Tukunyar matsi ta ƙarfe ba a cika ta fal, ba a buɗe ta da zafi. Ruwan da ya taɓa kadmiyam ko kobalt ko nikel ba a zuba shi a kwata, domin kwatar tana ƙarewa ne a inda wani ke ban-ruwan lambunsa. Rigakafi ya fi magani.

Kada wannan jerin gargaɗi ya sanyaya muku gwiwa, domin amfanin aikin na gaske ne. An yi amfani da ƙwayoyin ƙarfe wajen fito da hoton MRI. A 2009 Amurka ta amince da maganin ferumoksitol don ƙarancin jini ga masu ciwon ƙoda. Lokacin annobar korona, ɗakunan gwaji da dama da ƙwayoyin maganaɗisu masu rigar silika suka riƙa kamo ƙwayar halittar cutar daga samfuri. A 2006 ƙungiyar Vicki Colvin a Jami'ar Rice ta nuna cewa magnetait mai nanomita 12 yana kama asenik a ruwa, a janye shi da ƙaramin maganaɗisu. Amma ku dubi tsawon tafiyar. A 1957 Gilchrist da abokansa suka gwada ɗumama garin ƙarfe a jikin karnuka da nufin kashe daji. Sai a 2010 Turai ta amince da irin wannan magani ga wani ciwon daji na ƙwaƙwalwa. Shekara 53 ke nan. Ɗalibin da ya yi gwajin wata uku ya rubuta cewa ya samo maganin daji ya zalunci marasa lafiya da ke jiran labari mai daɗi.

Mu ma muna da buƙatar da ke jiran ku. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, kuma ba a ganinta a ƙura ko a ƙasa. A Kano, ruwan masana'antun jima mai ɗauke da kuromiyam ya daɗe yana damun kogin Challawa. Ƙwayar da za ta kama irin waɗannan ƙarafa, haskenta ya canja ya nuna akwai su, sannan a janye ta da maganaɗisu, buri ne da ya dace a kashe ƙuruciya a kansa. Sai dai abin da ya yi aiki a tataccen ruwan ɗakin gwaji yana iya kasawa a ruwan rafi mai laka da gishiri. Ku ɗebo ruwan gaske ku gwada, ku faɗi abin da ya fito ko da bai yi daɗi ba.

Saboda haka, 'ya'yana, ku riƙe littafin aiki mai ɗauri, ku rubuta komai a lokacin da yake faruwa, har da ɗaukewar wutar lantarki a tsakiyar dahuwa. Kada ku yage shafin gwajin da ya ƙi, domin wataƙila shi ne zai tsare wani daga maimaita wahalar. Abin da kuka samu sau ɗaya ku sake shi, ku ba abokinku takardar ya bi ba tare da kun tsaya a kansa ba. Idan ya fito masa kamar yadda ya fito muku, to kun san wani abu. Ku girmama ma'aikatan ɗakin gwaji, sun san halin kowace na'ura fiye da yadda kuke zato. Ku ambaci sunan duk wanda kuka ɗauki hanyarsa. Kada ku taɓa gyara adadi don layi ya miƙe, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma wata rana wani zai gina maganin ɗan wani a kan abin da kuka rubuta. Ku auna, ku sake aunawa, sannan ku yi magana daidai gwargwadon abin da awon ya ba ku. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa iliminku ya amfani jama'a.